Na-sani da Katangun Kunci

In kana neman mutumin da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba", to ka shiga asibitin haƙorin nan na kan kwana, ka wuce ɗakin jira, ka wuce banɗaki, ka tura ƙofar ƙarshe. Nan za ka same shi a wani ɗan ɗaki marar taga, yana goge haƙoran roba, farar ƙasa ta yi masa furu-furu har gira. Sunan da kowa ke kiransa Na-sani, domin kafin ka kai rabin magana ya tare ka da "ai na sani". Ƙanen Likita ne mai asibitin, ciki ɗaya, kuma shekararsa goma sha biyu a wannan ɗaki yana haɗa wa tsofaffi abin tauna. Aikin ya iya shi, wannan ba a ƙwace masa. Matsalarsa dai baki, da kuma ganin da yake yi cewa ɗakin ya yi masa kaɗan.

Ana nan sai Likita ta sayo sabuwar na'urar hoto, irin wadda mutum ke tsayawa a cikinta, ya ɗora haɓa a kan wani ɗan dandamali, ya ciji wani ɗan tsinken roba, ita kuma ta zagaye kansa sau ɗaya cikin sakan ashirin. In ta gama, sai ga ƙoƙon kanka a kwamfuta, ana juya shi gaba da baya, sama da ƙasa, ana yanka shi falle-falle ba tare da an taɓa ka ba. Abin da ya sa ta saye ta kuwa shi ne kogon kunci. Kowane ɗan Adam yana da kogon iska guda biyu a cikin ƙashin kuncinsa, dama da hagu, daidai saman saiwar haƙoran tauna. Na wani faffaɗa, na wani matsattse, wani kuma Allah kan gitta masa siririyar katangar ƙashi ta raba kogon gida biyu. Ba ciwo ba ne, halitta ce kawai, amma likitan da zai dasa haƙori a wurin dole ya san da ita, in ba haka ba ya huda inda bai kamata ba.

Ranar da aka kafa na'urar, Na-sani ya yi rabin yini yana leƙen mai kafawa ta bayan kafaɗa, yana cewa "na sani" har mutumin ya fara yi masa kallon tausayi. Aka miƙa ɗakin ga Sista mai hoto, wadda ta yi shekara uku tana karatun abin. Ba a jima ba Sista ta tafi hutun haihuwa, Likita kuma aka gayyace ta taro na kwana goma a wani gari. Tana haɗa jaka ta ce in ta dawo za ta zaɓi mutum ɗaya ta tura shi kwas, ya zama mataimakin Sista. Sannan ta zaro makullin ɗakin hoto ta miƙa wa ƙanenta.

"Ka buɗe da safe, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ka share ƙura. Shi ke nan. Kada ka taɓa min ita."

"Ai na sani, Yaya."

"Ban gama ba."

"Na san abin da za ki ce."

Ta dube shi, ta girgiza kai, ta shiga mota. Shi kuwa motar ba ta gama shan kwana ba ya riga ya gama shirinsa. Ɗaki mai sanyi, mai taga, mai kujera mai juyawa, a ce wani ne zai zauna a ciki shi yana can yana shaƙar farar ƙasa? Wallahi ba za ta saɓu ba. Kwana goma sun ishe shi ya yi binciken da Yaya za ta gani ta ce kwas ɗin ma ɓata lokaci ne. Ya sa tela ya ɗinka masa farar riga irin ta likitoci, ya tsallaka titi wajen mai aski.

"Ka taɓa ganin cikin kanka?"

"Na wasu dai nake gani, su ma daga waje," in ji mai aski.

"To taso, kyauta ne. Ana biyo layi daga ƙasashe don wannan, kai ga shi a bakin ƙofarka."

Mai aski ya ajiye almakashi ya bi shi. Na-sani ya rataya masa rigar dalma, ya ɗora masa haɓa, ya cusa masa tsinken a baki, ya koma bayan gilashi ya danna maɓalli. To, a bayan gilashin nan akwai wani ɗan makirufo da ake yi wa mai hoto magana da shi, kuma duk amfaninsa kalma biyu ce: kada ka motsa. Amma ka ba Na-sani makirufo, ka ba shi mutumin da aka toshe wa baki, ai abin nema ya samu.

"Kana ji na? In kana ji na gyaɗa kai."

Mai aski ya gyaɗa.

"Madalla. Wannan abu da ke zagaye ka, ni da Bature muka kafa shi. Ka san haka?"

Mai aski ya girgiza kai.

"To yau ka sani. Ba zafi ko? Amsa mana!"

"Mm-mm," in ji mai aski, yana ta kai da kai.

Da hoton ya fito, Na-sani ya juya shi ya yanka kamar yadda ya ga ana yi, ya kai ga kogon kunci, sai ya miƙe tsaye har kujera ta gudu baya. Kowane layi biyu ne. Bangon kogo biyu, rufinsa biyu, daɓensa biyu, ɗaya na bin ɗaya kamar inuwa. Ya ɗauko littafin Likita ya buɗe, ya ga a can katanga ɗaya ake nunawa, ita ma ba kowa ke da ita ba.

"Allahu Akbar! Maigida, zauna. Katangu biyu gare ka, dama da hagu. Ko a littafi babu irinka."

Mai aski ya dafe kumatu. "Mutuwa ake yi?"

"Ba lallai ba. Kana minshari?"

"Matata ta ce ina yi."

"Na sani. Iska ce ke rasa hanya."

Kafin la'asar maganar ta gama layin. Mai aski yana yi wa mutane gyaran fuska yana ba su labari, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a kunci. Washegari tela ya zo, wai shi ma a duba shi, don ya daɗe yana jin kansa na yi masa nauyi ta gefe ɗaya. Aka ɗora shi, na'ura ta tashi, Na-sani ya matso da makirufo.

"Af, tela, hannun rigar nan da ka ɗinka min ya gaza."

Tela ya girgiza kai da ƙarfi.

"Ya gaza mana! Dubi inda ya tsaya."

Tela ya karkato ya duba, ya saki tsinken, ya ce hannunka ne ya yi tsawo, ya sake cafkar tsinken. Da aka buɗe hotonsa katangu huɗu aka ƙirga. Ya fita yana taƙama, ya tsaya a ƙofar shagon mai aski ya ɗaga masa yatsu huɗu. Mai aski ya ji haushi ƙwarai, ya ce ai nasa biyu ne amma masu kauri.

Daga nan fa sai layi. Mai wanki ya zo, mai gyaran babur ya zo, matar mai kanti ta zo da ƙanwarta. Kowa ya shiga, Na-sani ya yi masa hira, ya fito da katangu. Mai yawan surutu ya sami da yawa, mai kawaici ya sami biyu. Tsoro ya koma gasa, har aka fara gaisawa da "nawa aka samu a naka?" Mai gyaran babur ya daina hura ƙura daga kafireta da baki, wai kada katanga ta rushe. Na-sani kuwa ya sayi babban littafi ya rubuta a bangonsa da jan biro: Ciwon Katangu Na Layinmu, Wanda Na Gano.

Rana ta biyar matarsa ta turo mahaifiyarta. Tsohuwar ta jima tana jiran Likita ta dasa mata haƙoran sama guda biyu, ta ji ana ta zancen katangu hankalinta ya tashi. Na-sani ya karɓe ta da rawar jiki, kansa a ƙasa, ya gyara mata haɓa yana ba da haƙuri. Sai da ya danna maɓallin ya tuna bai gaishe ta yadda ya kamata ba. Wa zai bar surukarsa a tsaye ba gaisuwa? Ya rusuna a bayan gilashi, makirufo a hannu.

"Mama, ina kwana?"

"Lahiya lau," in ji tsohuwa, tsinke a baki.

"An tashi lafiya? Ya ƙafar? Ya mutanen gida? Ya ƙoƙari?"

Ita kuwa mace ce mai mutunci, ba ta bar ko ɗaya ba ta amsa ba, har da nata tambayoyin a kai. Na'urar ta gama zagayenta suna kan "madalla". Ya duba kwamfuta, ya yi ajiyar zuciya, ya ce mata katangu uku ne, kuma gaskiya mai katangu uku ba a dasa masa haƙori, sai dai haƙuri. Tsohuwa ta koma gida ta yi kuka sosai, don ta riga ta gaya wa duk ƙawayenta cewa kwanan nan za ta koma cin nama.

Na ƙarshe da ya kawo shi ne Kawu, ƙanen mahaifiyarsu, wanda kunnensa ya mutu shekaru da dama. Shi ma yana cikin jerin waɗanda Likita za ta yi wa dashe in ta dawo. Aka ɗora shi, Na-sani ya yi ta zuba a makirufo, ya yi tambaya, ya yi barkwanci, ya ba da tarihin na'ura. Kawu yana tsaye ƙiƙam, idonsa a kan bango, yana tunanin abin da ya dame shi. Hoton ya fito tas, kowane layi ɗaya tilo, ga wata siririyar katanga guda a kogon hagu, a tsaye kamar an zana ta da alƙalami.

Na-sani ya ɓata rai. Mutum ashirin da uku sun tafi a kan tsari, wannan tsohon zai zo ya ɓata masa lissafi? Ya juya hoton ta ko'ina, katanga dai ɗaya ce. Ya yanke hukunci cewa na'urar ce ta yi zafi ba ta ɗauka da kyau ba, ya danna ya goge shi.

"An ga wani abu?" in ji Kawu da ƙarfi.

"Naka bai yi kyau ba!"

"Na gode, Allah ya yi albarka."

Ranar da Likita za ta dawo, Na-sani ya jera kujeru a ɗakin jira, ya jona kwamfuta da talabijin ɗin bango, ya gayyato duk masu katangu. Suka zauna bisa daraja, tela a gaba, masu biyu-biyu a baya. Likita ta shigo da jakarta, ga Sista a bayanta da goyo, don ta biyo ta gidanta ganin jaririya ta ɗauko ta. Ta tsaya turus.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Zauna, Yaya. Yau za ki san wanda kika ajiye a ɗakin baya."

Ya gyara farar rigarsa mai gajeren hannu, ya ɗauki sandar goge-goge ya mai da ita abin nuni, ya haska hoton farko. Ya yi bayani, ya kawo adadi, ya ce a duniya mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ke da katanga guda, amma a wannan layi mai albarka kowa na da biyu zuwa sama. Ya ce ruwan famfo yake zargi, ko da yake bai wanke injin niƙan bayan layi ba. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Likita ta kai hannu ta riƙe bakin tebur.

"Mutum nawa ka saka a na'urar nan?"

"Ashirin da huɗu. Wasu sau biyu, don tabbatarwa."

"Sau biyu! Hasken eksire ne fa, ba fitilar waya ba! Wa ya rubuta musu? Wa ya ce suna bukata?"

"Ai na sani, Yaya, amma ilimi..."

Sista ce ta katse shi, ba ta ko ɗaga murya ba. Tana jijjiga goyonta ta matsa gaban talabijin ta ce a ɗan sauko da hoton ƙasa, wajen haƙora. Na-sani ya sauko da shi cikin isa.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne," in ji mai aski, yana ɗaga hannu.

"Haƙorin zinare nawa gare ka, Baba?"

"Ɗaya."

"To ga biyu nan."

Kowa ya miƙa wuya, ga haƙoran zinare biyu reras, ɗaya a jikin ɗaya. Mai aski ya sa yatsa a baki ya laluba, ya miƙe a fusace.

"Ina ɗayan? Na-sani, ina ɗayan? Na shiga da biyu na fito da ɗaya?"

"Da ɗaya ka shiga, Baba," in ji Sista. "Motsi ka yi. In mutum ya motsa na'ura na zagayawa, komai biyu yake fitowa. Duba, hancinka ma biyu ne. Wa ya sa ka motsi?"

"Shi ya ce in gyaɗa kai!"

"Ni musu ya ja ni a kan riga!" in ji tela.

"Ni gaishe ni ya yi ta yi," in ji tsohuwa daga gefe. Sai kuma ta tsaya, ta dubi Likita. "Wato 'yar nan, babu katangu ukun? Za a dasa min?"

"Ban ga abin da zai hana ba tukuna, Mama. Wannan hoton dai ba ya nuna komai sai ladabinki."

Tsohuwa ta juyo ta zuba wa surukinta ido. Kwana biyar tana kuka, ta aika wa ƙawayenta cewa an fasa, ashe gaisuwa ce ta ja mata. Ba ta zage shi ba, ta dai ce "Allah ya isa tsakanina da ina kwananka," kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Tela ya naɗe yatsunsa huɗu ya sa a aljihu. Mai gyaran babur ya ce kwana shida yana goge kafireta da tsumma kamar mahaukaci. Hayaniya ta kaure, kowa na neman a mayar masa da hasken da aka zuba masa a kai.

Na-sani ya ɗaga sanda. "Jama'a, ku saurara! Ai na san da maganar motsi. Gwaji nake yi in ga ko..."

"A cikin ashirin da huɗun nan," in ji Likita, "babu ko ɗaya da ya tsaya cik?"

Kawu bai ji tambayar ba, amma ya ga ana kallon talabijin, sai ya tambaya da ƙarfi ina nasa. Sista ta dube shi, ta dubi kunnensa, ta gane nan take. Ta ce na Kawu ne kaɗai zai yi kyau, a buɗe shi, dama shi ake bukata kafin dashensa. Na-sani ya fara lalube a kwamfuta, yana buɗe wannan yana rufe wancan, gumi na bin wuyan farar riga.

"Ina yake?" in ji Likita.

"Ya... bai bi tsari ba. Katanga ɗaya ce kawai a hagu."

"Katanga ɗaya a hagu, daidai inda zan huda. Ina hoton?"

"Na goge."

Wani a baya ya saki salati. Likita ta rufe ido na ɗan lokaci. Hoto ɗaya tak mai amfani, na tsohon da yanzu sai an sake haska shi a banza, shi ne ƙanenta ya zaɓa ya jefar. Ta buɗe ido ta miƙa hannu.

"Makulli."

Nan fa Na-sani ya ga ɗakin baya yana buɗe masa baki, ga farar ƙasa, ga bango huɗu babu taga. Ya ce Yaya ki dubi zumunci, shekara goma sha biyu, kuskure ɗaya. Ya ce shi fa yanzu ya fi kowa sanin illar motsi, in an tura shi kwas shi zai koyar da malaman. Har ga Allah ya ba ta tausayi, don ita ta goya shi yana ƙarami, kuma ta san tun a lokacin bakinsa ba ya rufuwa.

"To shi ke nan," ta ce, ta cire agogonta ta ɗora a tebur. "Aikin ɗakin nan duka sakan ashirin ne na shiru. Ka yi min shiru na sakan ashirin a gaban mutanen nan, in tura ka kwas."

"Ai wannan..."

"An fara."

Ya damƙe makullin, ya haɗe leɓe. Jama'a suka zuba masa ido, tela na ƙirgawa da yatsu. Sakan biyar, kuncinsa ya fara kumbura. Sakan takwas, jijiyar wuyansa ta miƙe. A na goma sha ɗaya mai aski ya karkata wajen matar mai kanti ya ce mata a hankali, shi dai abin da ya fahimta, na'urar nan sau biyu take zagaye kan mutum, shi ya sa.

"Sau ɗaya ne!" in ji Na-sani.

Dariyar da aka kwashe da ita har jaririya ta farka. Likita ta mayar da agogonta, ta buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya ta zare makullin, ta sa a tafin Sista. Shi kuwa yana tsaye yana rantsuwa cewa agogon ne ke gudu, kuma in an bi ta ƙa'ida gyara ba magana ba ce.

Kawu ya ga bakin yaron yana ta motsi, ya taɓa tsohuwar da ke kusa da shi.

"Me yake cewa?"

Ta gyara mayafinta ta miƙe. "Malam, ka gode wa Allah."